Ƙwaryar da Ba a Taɓa Ba

Mudi ya cire kan injin zanensa ya ajiye, ya ɗauki sabon kan, ya sake ajiyewa. Tun safe ya kasa zama wuri ɗaya. Jibi za a kai ƙanwarsa Fadila ɗakin miji, kuma ƙwarya ɗaya tak ta rage masa.

A gidansu na Gangara amarya ba ta fita sai da ƙwarya mai zanen gida, wanda mahaifiyarsu Inna Ummuhani ta gada wajen uwarta. Da wuƙa mai zafi take ƙona shi. Bana ta ce hannunta ya soma rawa, ba za ta iya ba. Hannun nan kuwa Mudi bai taɓa ganin ya zubar da ko ɗigon koko ba, amma wa zai ja da tsohuwa? Fadila ta sha kuka, ta ce ita kaɗai za a kai hannu sake kamar marar dangi.

Sai Mudi ya bugi ƙirji. Yana da ɗan injin leza a shagonsa na Gazawa, wanda hasken kansa ke zana suna a kan katako da fata. Ya ɗauki hoton tsohuwar ƙwaryar yayarsu, ya zana a sabuwa, layi bai kauce ba. Ya hau babur ya kai.

Inna na zaune a ɗaki, ko taga ba ta buɗe ba. Tun kafin ya yi sallama ta ambaci sunansa, wai ta san kukan babur ɗinsa. Ta ɗora ƙwaryar a cinya, ta shafe ta kamar mai kakkaɓe ƙura.

"Wagga ai ba a taɓa ta ba," ta ce, ta miƙo masa.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya koma ya ƙara wa zanen baƙi, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Ta sake maido masa, ta maimaita maganarta ta farko. Ya tabbata raini ne kawai. Tsohuwar da ta daina zuwa ko kasuwar garinsu, wai gwiwa, ina za ta yarda da aikin inji?

To, in ƙuna take so irin ta wuƙa, za ta samu. Ya sa Faruku mai gyaran waya ya sayo masa kai mai ƙarfi daga tsallaken iyaka. Da ya zo, sai ga matsala: injin wuta mai ƙarfin bolt goma sha biyu yake ci, sabon kan kuwa ashirin da huɗu. Faruku ya ce a ba kan wutarsa dabam, a jira ƙaramin allon da ke haɗa su, yana hanya. In aka yi gaggawa, inji da kai duk suna iya tafiya.

Jira kuwa ba ya cikin halin Mudi, balle ana jibi biki. Ya jera batir biyu na sola, ya ba kan wutarsa, ya murɗe wayoyi da hannu ya naɗe da leda. Ya sa tabarau, ya yi bisimilla, ya danna.

Haske ya fito da ƙarfin da bai taɓa gani ba. Siririyar wayar da ke gaya wa kan ya sassauta ba ta kama ba, don haka yana ci da dukkan ƙarfinsa. Hayaƙi ya cika shago. Mudi ya kai hannu zai kashe, ya fasa, don rabin zane ya fi babu muni. Ya tsaya yana tari, yana kallon ƙwaryarsa ta ƙarshe tana cinyewa.

Da injin ya tsaya, zanen ya nutse kamar kunyar gona, gefensa duk ya babbake. Hayaƙi ya rine ƙwaryar baƙi ƙirin. Ya wanke da toka, ya goge da yashi, ko gezau. Ko maƙiyi ba zai ba amarya wannan abu ba.

Duk da haka ya kai, don a san ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Fadila na ganin ta daga tsakar gida ta rufe baki ta shige ɗaki. Mudi ya durƙusa gaban Inna, ya miƙa, ya matsa gefe yana jiran abin da ya san zai ji.

Ta ɗora ta a cinya ta shafa. Wannan karon hannun bai tsaya ba. Ya bi layin farko, ya sha kwana inda uwarta ke shan kwana, ya zagaye baki ya dawo. Fuskarta ta saki.

"Yanzu ka yi zane, Mudi. Allah shi yi maka albarka," ta ce. "Kuma dubi yadda ka bar ta hwara tas, kamar nono."

Mudi ya dubi baƙar ƙwaryar, ya ɗago ya dubi uwarsa. Murmushi take yi wa bakin ƙofa, inda ya tsaya ɗazu, kuma babban yatsanta ne kaɗai ke kallon zanen.