Rabin Burodi

Yau ma rabin burodi aka kawo wa Malam Amâncio Guambe, da ƙosai biyu da shayi. Ya ture farantin gefe don kada mai ya taɓa katin da ke gabansa.

Shekara arba'in ke nan, ko da ɗoriya, yana bin asalin kalmomi a wannan ɗaki mai kallon tekun garin Inhambane. Kowace kalma da katinta, katunan a kwalayen takalma. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya rufe kati sai ya rubuta a ƙasansa sunan wani mai rai, wanda ya sani, da kalmar ta dace da shi.

Saura kati ɗaya ya gama littafin kalmomin da yake rubutawa. Companheiro, wato abokin tafiya a harshen ƙasarsu. Sifaniyawa na da ita, Faransawa da Italiyawa ma, kowa da yadda yake lanƙwasa harshensa. Daga harshen Latin ta fito: com, tare, panis, burodi. Wanda kuke raba burodi da shi.

To, sunan wa? Abokan koyarwarsa sun rasu, ko kuwa birnin Maputo suka koma, ya kasa tuna wanne.

Dattijuwar da ke kawo masa abinci ta shigo.

"Baiwar Allah, wai mai burodin nan kullum rabi yake aiko mini?"

"Rabin ma cinyewa kake yi? Tabaran da kake lalube na kan goshinka."

Ya sauko da shi, ya karanta mata katin. Kafin ya kai ƙarshe ta ce, "Panis, burodi."

"Ashe kin yi karatu."

"Malamina sarkin surutu ne."

Ya yi murmushi, sannan ya dubi farin wurin da ke ƙasan katin. "Ba ni da sunan da zan sa. Ni kaɗai nake ci."

"In zauna mu ci tare?"

"A'a, kada ki damu. Ba na iya ci a gaban baƙi."

Ya mayar da katin kwali, ba suna, kamar jiya.

Ta ja masa ƙofa a hankali. A kicin, Ermelinda Guambe ta zauna ta ɗauki ɗaya rabin, wanda yake nata kowace safiya tun ranar da aka ɗaura musu aure, ita da shi.