Taku Ashirin daga Benci

Ina da shekara takwas lokacin da cibiyar ƙanena Sadiƙu ta faɗi. A hawa na tara muke zaune a unguwar Thamesmead, can ƙasar Turawa, ko'ina siminti, babu ƙasar da za a binne ta. Baba ya ƙulle ta a farin ƙyalle, muka hau jirgin ƙasa ni da shi zuwa bakin teku, inda wani tsaunin farin alli ya tsaya a kan ruwa.

Bayan azahar muka isa. Daga wani benci ya ƙirga taku ashirin wajen teku, ya durƙusa, ya tona rami da cokalin Umma. Har yau ina ganin allin nan a ƙarƙashin faratansa.

Wata tsohuwar Baturiya ta tsaya a kanmu. Ta ce igiyar ruwa tana ƙwaƙule gindin tsaunin, ruwan sama yana tsaga shi ta sama, duk hunturu sai wani ɓangare ya rufta. Baba ya yi mata godiya. Da ta wuce ya dube ni.

"Ƙasa ba ta tashi, Uwata. Gonar kakanki tana nan inda ya bar ta."

Na yarda, don Baba ne ya faɗa.

Bara, bayan rasuwar Baba, Sadiƙu ya ce in kai shi wurin da aka binne cibiyarsa. Bencin yana nan. A taku na sha uku ƙasa ta ƙare.

"Ina take, Yaya?"

Na nuna masa ruwa.