Hoton Kubura

Gidaɗo ya durƙusa cikin gero a bayan shingen filin jirgin Birnin Kebbi, yana ɗaura wa ɗan jirginsa na ɗaukar hoto fukafukai. Ba jahilci ya kawo shi ba. Duk Bagudo babu mai hoton biki da ya san doka kamarsa, shi ne ma ke ja wa abokan sana'a kunne cewa ba a tayar da jirgi mara matuƙi kusa da filin jirgin sama. Sabon jirginsa ma ba ya yarda ya tashi a irin wannan wuri, shi ya sa ya ɗauko tsohon da ya saya a kasuwar Lolo, bakin iyakar Benin.

Duk saboda Kubura ne. Ya ɗauki amare daga Kende har Bahindi, ya ɗauki shanu da masunta, amma ba shi da hotonta ko ɗaya. In ya shigo taro, sai ta tashi. In ya ɗaga kyamara, sai ta ba shi ƙeya. Sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba, "mai hoton nan" take cewa. Amma duk ranar kasuwa sai ƙwaryar nono ta iso shagonsa, babu saƙo. Tun yana yaro a gidan kakarsa a Geza yake son ta dube shi sau ɗaya, abin kuma yana cin ransa har yau.

Yanzu ga ta za ta Makka da ciwon zuciyar da likita ya girgiza wa kai. Ta raba kayanta, ta yi wa kowa bankwana ban da shi.

Maniyyata mata suka fito a jere, duk cikin hijabi iri ɗaya. Ya tayar da jirgin, ya bi layin har ya gane tafiyarta, ya fara sauko da shi. Bai kai ga ganin fuskarta ba aka danne shi ta baya, aka fizge wayar da yake sarrafa jirgin da ita.

Jirgin alhazai ya yi awa guda bai tashi ba. Gidaɗo bai musa komai ba, ya san da ran mutum ɗari huɗu ya yi wasa. Kotu ta karɓe lasisinsa, ta ce a lalata jirgin da katin hotunan, ta ba shi wata biyu a gidan yari. Yana cikin sati na uku aka zo masa da labarin an binne Kubura a Madina.

Ranar da ya fito, Abdulganiyu, jami'in tsaron da ya kama shi, yana jiransa a bakin ƙofa.

"Malam Gidaɗo, ni na kalli bidiyon kafin a ƙona katin," in ji shi. "Duk matan sun watse don tsoro. Ita kaɗai ta tsaya. Ta gyara hijabi, ta ɗaga kai, ta yi wa jirginka murmushi. Ta san na wane ne."

Gidaɗo ya dafa bango.

"Jirgin ba ya ɗaukar sauti, amma na ga bakinta. Sunanka ta kira, har sau uku." Jami'in ya dube shi. "Ka yafe mini tambaya. Wace ce wannan da ka zubar da sana'arka dominta? An hana ka aurenta ne?"

Gidaɗo ya share ido da hularsa.

"Yallaɓai, wurinmu mace ba ta duban ɗan fari, ba ta kiran sunanai. Ita ta haihe ni."