Hannuwa a Sama

"Kashi na biyu na kiɗan za ki kaɗa, mai sanyin nan," in ji malamina, Farfesa, yana juya cokali a shayinsa. "Na farko na maza ne. Dubi 'yan yatsunki."

Shekara da shekaru yana cusa mini kiɗan lallashin jarirai, mai tsawa kuwa sai ɗalibansa maza. Na ce masa a gasar fiyano ta bana kashi na farko zan kaɗa, ko ya so ko ya ƙi.

"Madalla, 'yata," ya ce. "Ni da kaina zan raka ki da kiɗa."

A zagayen tantancewa ba a kawo ƙungiyar makaɗan da ke raka ɗalibi, fiyano na biyu ke tsayawa a madadinta. Kuma a nan birnin Warsaw kowa ya san al'ada: mai rakiya yakan datse doguwar shimfiɗar kiɗan da ke gaban shigowar ɗalibi a kashi na farko, domin 'yan mintuna alƙalai ke bayarwa kafin su buga ƙararrawar tsayawa.

Ranar tantancewar muka zauna, ya fara. Ya iso inda ake datsewa, ya wuce abinsa. Ya bi kowane layi a tsanake, ido a lumshe, sai ka ce shi ake tantancewa. Ni kuwa ina zaune, hannuwa a cinya, lokacina yana ƙonewa a ƙarƙashin yatsunsa.

Da gurbina ya zo, na ɗaga hannuwa. Sai ƙararrawa.

Ya rufe fiyanonsa, ya sunkuyo daidai kunnena.

"A kashi na biyu," ya ce, "ke ce ke farawa."