Jaririn Tashar Mota

Saura minti ashirin a buɗe taro, Doña Eulogia ta ce ita gida za ta koma.

Griselda ta kusa sakin tiren empanada, soyayyen fulawa mai nama a ciki, da ke hannunta. Wata uku ta yi tana haɗa bikin nan. Zauren coci ya cika maƙil, kowa da shuɗin ƙyallen ƙungiyarsu ta hana zubar da ciki a wuya, Fada Anselmo har ya zauna, ga lambar yabo a kan tebur. Shekara talatin ke nan Eulogia na riƙe da gidan da ke karɓar 'yan mata masu ciki don kada su zubar, sai yau aka tuna a ce mata an gode.

"Yaya, lafiya?"

"Wa ya aike ki ki nemo shi?" in ji Eulogia.

Wato wata mai dogon baki ta riga ta fesa mata.

Labarin kuwa babu wanda bai haddace shi ba a ƙungiyar. Wata yarinya ce ta zauna a tashar mota da adireshin mai zubar da ciki a tafin hannu. Mota uku suka tashi ba ta shiga ba. Eulogia, wadda ita ma budurwa ce a lokacin, ta ja ta zuwa gidan sistocin coci, a can ta haifi namiji aka ba wasu riƙo. Daga nan komai ya faro. Sunan yarinyar ne kaɗai Eulogia ba ta taɓa faɗa ba.

Griselda, uwar karambani, ta ga babu tukuicin da ya kai a kawo jaririn nan ya miƙa lambar da hannunsa. Ta bi takardu har garin Salta, ta samo shi: Fermín Ledesma, direban babbar mota, ɗan shekara talatin da takwas. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, a gaya masa sunan mahaifiyarsa, domin a takardar sistoci an bar gurbin babu komai. Griselda ta ce an gama. Ta yi alkawari da bakin da ba nata ba.

Akwai abin da ta gani a takardar ta haɗiye. A wurin da ake rubuta wanda ya rako yarinya, an sa: ta zo ita kaɗai. Ta ɗauka sakacin marubuciya ne. Yanzu da ta ga Eulogia na neman ƙofar baya, sai maganar ta dawo mata. Ko dai matar nan ba ta taɓa taka tashar ba? Ko a kan ƙarya suka yi shekara talatin suna tattakin hana zubar da ciki a rana?

"Yaya, don Allah kar ki kunyata ni. Daga Salta fa ya taso."

"Kin kunyata kanki dai. Abin da aka rufe ba kowa ke buɗe shi ba, Griselda."

Eulogia ba ta samu fita ba. Matan ajin saƙar da take koyarwa a gidan suka yanyame ta, suna tsokanar ta wai ko yau sai ta koya musu juya dunduniyar safa, tunda sun gaji da kwaikwayon hannunta na bahaguwa suna ɓata zare. Kafin ta ankara sun kai ta kan dandamali.

Fada ya yi addu'a. Aka kira iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga 'ya'yansu ana tafi. Eulogia ba ta kalli kowa ba. Da aka kira Fermín, zauren ya yi tsit. Dogo ne, ya sa rigar da ta matse shi a kafaɗa, yana tafiya a ɗarare. Ya miƙa lambar, aka ɓarke da tafi. Griselda na kusa, ta ji abin da lasifika bai ɗauka ba.

"Doña, sunanta kawai nake so. Ba zan dame ta ba. In ma ta mutu, a nuna mini kabarin."

Eulogia ta daɗe tana kallon sa, har masu tafi suka fara gajiya.

"Tana raye," ta ce. "Kullum tana yi maka addu'a. Amma ba ta da fuskar da za ta kalle ka da ita."

Ta rungume lambar ta sauka, ba ta yi jawabi ba.

Kunya ta ishi Griselda. Ta bi Fermín waje, ta same shi jingine da motarsa, ya tsura wa ƙasa ido. Ta miƙa masa ƙoƙon shayin mate, bai karɓa ba.

"Ɗan'uwa, ka yafe mini. Laifina ne."

"Ba komai. Na saba." Ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ƙunshi. "Da na so in nuna wa Doña wannan, ko za ta tausaya. Sistoci suna da doka, safar farko uwa ce ke saƙa wa ɗanta da hannunta, ba a yarda ko ɗinki ɗaya wani ya sa mata ba. Shi ke nan abin da nake da shi nata."

Griselda ta warware ƙunshin. Safa ce ƙarama ta farin ulu, ta dafe saboda daɗewa. Ita ma tsohuwar masaƙiya ce, hannunta ya juya safar don ta duba aikin, yadda ta saba yi wa kowace safa da ta shigo gidan.

Ta ƙara kawo ta kusa da ido. Dunduniyar a karkace take zuwa hagu, irin juyin da shekara talatin matan gidan suka yi suna kwaikwayo suka kasa, domin duk garin hannun Eulogia kaɗai ke yin sa.