Lambu ko Akurki

Tun da zafi ya hana komai rayuwa a waje, akwatin gilashi ɗaya na shuka aka yarje wa kowane gida. Mai tsiro kaɗai sunansa lambu, hukuma na ba shi ruwa. Mai dabba kuwa akurki ne, ƙwace shi ake yi.

Tsohuwa Tabawa ta kai nata rajista, da lallen da uwarta ta dasa a ciki. Ma'aikaciyar ta leƙa, ta ja da baya.

"Iya, mene ne wannan mai gyaɗa kai?"

Ƙadangare ne. Tabawa ta tuna shekarun da ta yi tana korar irinsa da tsintsiya.

"Shi ma a nan ya tsiro, 'yar nan. Rubuta lambu."

Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rubuta.