Abin da na tambayi Baba yana tsaga citta

A lokacin ina da shekara tara. Kwana biyu da sallamo ni daga wani asibiti a Kafanchan, Baba ya shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro a gidanmu na Manchok. Ya zauna kusa da ni yana tsaga ɗanyar citta da ƙaramar wuƙa, yana baza ta a kan buhu don ta bushe. Ƙamshinta har yaji yake yi a ido.

A asibitin na ji wata mata tana cewa iyayen masu sikila su ne suke jawo wa 'ya'yansu wahala. Sai na ce, "Baba, kun san zan yi wannan ciwon kafin ku haife ni?"

Bai ajiye wuƙar ba. Ya ce, "Mun san zai iya faruwa. An gwada jininmu kafin aure, Fasto ma ya ce mu sake tunani. Muka ce Allah zai tsare."

Na ce, "To, ai bai tsare ba."

Na ɗauka zai tsawata mini. Sai ya goge hannunsa a wando, ya ce, "Kada ki ɗora wa Allah. Ba ke kika ce a kawo ki ba, mu muka kira ki. Duk ranar da kika ji haushinmu ki faɗa, zan zauna in ji."

Na sha gaya masa haushina daga baya, kuma bai taɓa tashi ya bar ni ba. Yanzu ina da aure. Ni da mijina mun zaɓi kada mu haihu, shi kuwa Baba bai taɓa tambayata jika ba.